Wa Ya Ba Shi Izinin Kai Sunan Uwata Cikin Na'ura?

Malam Sagir,

Assalamu alaikum. Ka taimake ni don Allah don Annabi, ko da yake na daɗe da sanin ba a taimakon talaka sai ya mutu a zo gaisuwa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malam Zakiyyu na Islamiyyarmu ke rubuta mani wannan, shi ne ke karanta mana filinka a gindin darbejiya bayan La'asar. Na sa shi ya rantse ba zai rage ko kalma ɗaya ba.

Shekara da shekaru tambaya ɗaya nake yi, ba wanda ya amsa mani: ina ake kai yatsun mutane? An zo an ce taki za a ba mu, mun dangwala, ba taki. An ce zaɓe, mun dangwala. An ce tallafi, wasu yara da 'yar akwati suka ɗauki hoton duk garin, har matan da ba su fita, suka shiga mota, har yau ko ƙurarsu. Na tambayi mai gari, ya ce daga sama ne. Na tambayi kansila, ya yi dariya. To saman nan, wa ke zaune cikinta?

Da aka kawo rajistar katin ɗan ƙasa firamaren garinmu, na tahi, don kar a ce na cika taurin kai. Na bi layi cikin jikokina. Yaron da ke bakin na'urar, wanda bai kai autana ba, ya tambayi sunana, na faɗa. Ya tambayi na mahaifina, na faɗa. Sai ya ce sunan uwa. Malam, kai Bahaushe ne. Wa ke tambayar sunan uwar mutum in ba boka ba? Duk wanda ya san duniya ya san abin da mai sammu ke nema: sawunka, gashinka, da sunan wadda ta haife ka. Shi wannan ya haɗa har da yatsa goma da hoton fuska. Mi ya rage mani? Duk da haka na daure, na sunkuya na raɗa mashi a kunne. Ɗan banzan yaron nan sai ya ɗaga murya ya maimaita, wai bai ji daidai ba, ya ƙara da cewa sunayen mutanen da sai su. Layi ya ɗauki dariya. Sunan da ni da bakina ban taɓa kira ba tun da na yi wayo! Na tsaya a kanshi sai da ya goge, na ɗauki sandata na fito, ban ba su ko ɗan yatsa ba. Har yau in na wuce tasha sai wani cikin samarin ya yi tari ya kira sunan. Kai ma ba zan faɗa maka ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Akwai wani a bayan gidana, Arzika. Shekarar babbar yunwa, wadda mutanen arewa suka yi ta kwararowa da ƙorai a hannu, uwarshi ta iso ƙofar gidanmu da shi a goye. Ya wuce goyo, ƙafafun ne ba su ɗaukarshi. Daga can cikin Nijar suka fito. Ina saurayi lokacin, da idona na gani. Matar ba ta ga damina ba ta cika. Inna, Allah ya ji ƙanta, ta ɗauki yaron, ta yi ta ɗura mashi kunu har kumburin cikin ya sace. Ni aka rage wa hura saboda shi. Ya girma, Baba ya aura mashi 'yar garinmu, ya yanka mashi gefen gona. Duk na haɗiye.

Bara idona ya yi yana. Ɗiyana maza duk suna kudu, sai shi ya raka ni asibiti Katsina. Muka hau mota a Kankiya. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge, masu kaki suna binciken baƙin haure. Kowa ya zaro kati. Ni na ce nawa katin a fuskata yake, wanzami ya yi mani shi ranar suna, su duba tsagen. Ɗaya ya ce irin tsagen nan ya cika Maraɗi. Na buɗe baki in yi bayani, ya ce ga harshen ma ya nuna. Suka sauko da ni, suka zaunar da ni a ƙasa cikin rana, hulata ta faɗi, fasinjoji na leƙe ta taga kamar an kama ɓarawon akuya. Ni da kakan kakana ya sari dajin da ya zama garinmu! Sai Arzika ya sauko, ya miƙa katinshi, ya ce ni yayanshi ne uwa ɗaya uba ɗaya, su tambaye ni sunan mahaifina su gwada da na katin. Na faɗa, suka duba, ya yi daidai. Ya kakkaɓe hular ya ɗora mani. Suka ce in tashi in gode wa ƙanena.

In gode! Baƙo ya tsaya wa ɗan gida a ƙasar ubanshi, kuma wai in gode. Muna komawa mota na tsare shi ya faɗa mani yadda sunan Baba ya hau katinshi. Ya ce shi bai san wani uban ba. Na ce to da aka tambaye shi uwa fa? Sai ya sunkuyar da kai ya faɗa mani. Malam, sunan Inna ya ba su. Sunan da na sha dariya a kanshi, na hana kaina kati saboda shi, ashe tuni shina cikin akwatinsu, ɗan wata mata ya kai. Wurin haihuwa kuma ya ce garinmu.

Tun ranar ban sake amsa sallamarshi ba. Na tashi a masallaci bayan Azahar na faɗa kowa ya ji, baƙon haure ne, katinshi na ƙarya ne. Da ya zo ban haƙuri, na ce mashi a gaban mutane ya je ya tono uwarshi daga maƙabartarmu ya maida ta inda ta fito, sannan ya zo mu yi magana. Malam Zakiyyu ya ajiye biro a nan. Na ce ya ɗauka, ai ya rantse.

Kullum rediyo na cewa ta iyaka ake shigo da bindigogi, baƙi sun cika ƙasa. To ga baƙo na nuna da yatsa, kowa na kau da kai. Shi ya sa na ɗauki nawa matakin. Ɗiyarshi Rauda ta ci jarrabawar makarantar aikin jinya, ana neman takardar shaidar 'yar ƙaramar hukuma, kuma sai mai gari ya sa hannu. Na riga ta zuwa. Na ce mashi in ya sa hannu, har shi zan haɗa in kai saman da yake tsoro. Ya tura takardar ƙarƙashin tabarma. Yarinyar ta zo ta durƙusa a zaurena tana kuka tana kirana Baba. Na ce ta je bayan Maraɗi ta nemi dangin babanta. An ce in ba ta kai takardar kafin ƙarshen wata ba, gurbin ya wuce ta. Ya wuce mana. Ni da aka zaunar a ƙasa, wa ya yi mani kuka?

Ga abin da nake so. Ka buga sunan uwar Arzika ta gaskiya, ......, da ƙauyensu, ......, da manyan baƙi yadda hukuma za ta gani. Ka faɗa mani ofishin da zan kai shi a ƙwace katin a maida shi can. Ka faɗa mani yadda ake ciro sunan Inna daga na'urar nan, da wanda ke zaune shina kallonshi. Kar ka ce in yi haƙuri, haƙuri na ci na ƙoshi. Na tsufa, ido ɗaya ya rage mani. Mai gari bai amsa ba, kansila bai amsa ba, masu kaki ba su amsa ba. Wani ya amsa mani kafin in mutu. Kai nake jira.

Ɗan Asali, daga ƙasar Kusada


Baba,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiyar ido. Ka nemi amsa, ga ta nan, amma ba duka za ta yi maka daɗi ba.

Ɗigo-ɗigon da Malam Zakiyyu zai gani a wasiƙarka, ni na sa su. Na cire sunan matar da na ƙauyen, sauran sunayen ma na sauya su. Dalilin a wasiƙarka na same shi. Wanda ya san zafin a kira sunan mahaifiyarsa a gaban layi guda, bai kamata ya nemi a kira na wata a gaban ƙasa gaba ɗaya ba. Kai ka iya tsayawa a kan yaro har ya goge. Ita tana kabari.

Tambayarka ta farko gaskiya ce, kuma ba tsufa ba ne ya kawo ta. Yaron rajista ya ci mutuncinka. Masu shingen ma haka, domin tsage da harshe ba sa raba Bakatsine da mutumin Maraɗi, kowa ya san tushe ɗaya ne. Yanzu akwai dokar kare bayanan jama'a: mai karɓar hotonka ko yatsanka sai ya faɗa maka ko shi wane ne da abin da zai yi da su, kuma ba shi da ikon yaɗawa. In masu akwati suka sake zuwa, a tambaye su shaida kafin kowa ya dangwala. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce na san kowane ido da ke ganin abin da ke cikin na'urar ba. Ban sani ba, kuma ni ma abin yana damuna. Maganar iyaka ita ma ba wasa ba ce, mutanen jihar nan sun fi kowa sanin haka.

Sai dai ka duba, Baba. A duk labarin nan mutum ɗaya ne ya ɗauki sirrin asalin wani ya mayar da shi makami, kuma ba na'ura ba ce. Yaron da ƙafafunsa ba su iya ɗaukarsa ba bai haura iyakar kowa ba, goyo aka yi da shi. Ba shi ne mai bindigar da rediyo ke faɗa ba. Da aka ce masa uwa, ya ambaci wadda ta ɗura masa kunu. Gaskiya ne riƙo ba ya sauya nasaba, kuma in ya faɗi wurin haihuwar da ba nasa ba, ya yi kuskure. Amma wannan gyara ake yi, da shawarar lauya, domin a sanina ana yi wa wanda yake zaune a ƙasar bisa ƙa'ida rajista ko da ba a nan aka haife shi ba. Rauda kuwa, a garinku aka haife ta, mahaifiyarta 'yar garinku ce, a sanina wannan ya ishe ta zama 'yar ƙasa. Haƙƙinta ka danne, ba alfarma ba.

Ofishin da za ka kai shi, ba zan faɗa maka ba. Sunan Inna kuwa a bayanan Arzika yake, ba a naka ba. Mutum ɗaya ne zai iya zuwa ya nemi a gyara, shi ne wanda ka daina amsa wa sallama. In ka sa aka ƙwace katin aka buɗe bincike, sunan da kake ɓoyewa ne za a yi ta karantawa daga teburi zuwa teburi.

Shawarata, gobe da hantsi ka ɗauki Malam ku je wurin mai gari, ka ce ka janye, ya ciro takardar yarinyar nan tun wata bai ƙare ba. Wannan ba ya jira. Daga nan ka zaga bayan gidanka ka yi wa Arzika sallama. Maganar kabarin da ka yi a gaban mutane ka yi ta, a gabansu za ka janye ta. In kun zauna, ka gaya masa abin da ya yi maka ciwo, domin ina kyautata zaton shi girmamawa yake ganin ya yi. Sannan ka je ka yi naka katin, kada a sake zaunar da kai a ƙasa. Malam ya rubuta maka sunan a 'yar takarda ka miƙa, ka ce ba ka yarda a karanta da ƙarfi ba.

Ka tambaya wa ya yi maka kuka ranar shinge. Mota cike take da 'yan asali, Baba. Ka sa Malam ya sake karanta maka wurin da ka faɗi wanda ya sauko ya kakkaɓe hularka.

Allah ya ji ƙan Inna da baƙuwar da take kwance a maƙabarta ɗaya da ita, ya ba Rauda sa'ar karatu, kai kuma ya sanyaya maka zuciya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Naka,
Malam Sagir