Mun Cika Sito

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Inna tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Masaƙarmu ce a bakin mutuwa. Masu ba ƙasa rance daga waje sun ce sai gwamnati ta janye tallafin da take ba mu, ta kuma buɗe wa yadin waje ƙofa. Albashi ya tsaya, zare ya ƙare, amma kullum muna zuwa mu shafa wa injuna mai kada tsatsa ta ci su. An ce masu bincike za su zo su ga ko a bar mu ko a rufe, kuma daga ofishinku suke. Ke kika yi karatun tattalin arziki. Me za mu yi?

Yayanki.

Yaya,

Na amsa gaisuwa, a duba mini Inna da yara.

Kada ka karaya! Mutanen nan ba maƙiya ba ne, abu ɗaya suke dubawa: wurin nan zai iya tsayawa da ƙafarsa? A makaranta an koya mana cewa kowace ƙasa ta kama abin da ta fi iyawa, ta sayo sauran. Na taɓa tambayar malaminmu, to mai saƙar da aka kora fa? Ya ce zai samu wani aikin. Ban gamsu ba, don fuskarka nake gani. Ni buga rahoto kawai nake yi, ba za a zo da ni ba. Shugabanmu ne zai jagorance su, wanda muke kira Mai Gilashi. Ku nuna masa masaƙar tana da rai.

Ƙanwarka mai ƙaunarka.

Auta,

Bayan gaisuwa, albishirinki! Sun zo, kuma mun fita kunya.

Mun share, mun yi fenti. Sai Baba Mai Rini ya leƙa sito ya ce, "Haba jama'a, baƙi su tarar da ɗaki wayam kamar an yi mana sata?" Ai duk abin da muka saƙa tun a kan inji dillalai suke kwashewa. Sai kowa ya ruga gida. Matata ta ba da atamfofinta da ba ta ɗinka ba, tana cewa in guda ta ɓata kada in dawo. Inna ta buɗe akwatinta. 'Yan kasuwa suka ara mana bandir-bandir. Muka cika sito har rufi.

Mai Gilashi ya daɗe a tsaye a ƙofa, ya ɗauki hoto, ya gyaɗa kai. Baba ya raɗa mini, "Ka gani? Ya sha jinin jikinsa."

Ki huta lafiya.

Yayanki.

Yaya,

Sallama. An kawo mini rahoton in buga.

Hoton nan shi ne a shafin farko. A ƙarƙashinsa an rubuta: kaya sun taru, babu mai saye. Yaya, siton da kuka ji kunyarsa shi ne hujjarku! Da sun same shi wayam, da sun san kasuwa tana jiran yadinku, zare ne kawai babu.

Na shiga wurin Mai Gilashi na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "To wanne zan rubuta, ba su da kasuwa, ko sun yaudare mu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, rubuta cewa mutane ne da ba sa bari baƙo ya ga babunsu." Ya ce rahoto ba shi da gurbin wannan. Ya tambayi yadda aka yi na sani, na ce yayana yana cikinsu. Nan take ya karɓe aikin daga hannuna ya ba wata.

An sa hannu a takardar rufe masaƙar jiya. Injunan za a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Zan kai ƙara sama da shi, amma ina tsoron a riga ni. Ku yi duk abin da zai ja lokaci.

Ƙanwarka.

Auta,

Muna gaisuwa. Ban faɗa wa Inna ba.

Masu yankan ƙarfe suna bakin ƙofa da tukwanen gas tun safe. Na kunna injina, sauran ma suka kunna nasu. Babu zare a kai, amma ba wanda zai sa wuta a injin da ke gudu.

Man janareta zai kai mu la'asar. Ki yi sauri.

Yayanki.