Kwana Uku a Tungar Maikuɗi

Jega, 4 ga Nuwamba

Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ke da maigida da jinjira kuna lafiya a Shanga. Na rubuto ne don bakina ba zai iya wannan magana a waya ba.

Na shiga wata tawagar sa kai. Mu ashirin da uku ne a kan kekuna, daga Illela za mu har Legas. Mutane na ba da gudummawa saboda tafiyar, mu kuma duk inda ambaliya ta rushe gidaje mukan tsaya kwana uku mu yi gini. Shugabarmu, Madam Susan, ta yarda mu ratse Ngaski, kuma na sa gidan Baba cikin waɗanda za a gina a Tungar Maikuɗi.

Shekara bakwai ke nan da jirgin ruwa ya kife da mu a tafki, ina riƙe da inji, ƙanenmu Illo bai fito ba. Ba ki manta abin da Baba ya ce ba: kada in sake taka masa ƙofa. Yanzu ƙofar ma ruwa ya ci. Don Allah kada ki gaya masa ina ciki.

Ƙanenki,
Shamsuddeen

Shanga, 7 ga Nuwamba

Shamsu,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. Kai dai ba ka sake hali ba, kullum ta bayan gida kake zuwa.

Ga abin da ba ka sani ba: tun rasuwar Inna idon Baba ya tafi, ko tafin hannunsa ba ya gani. A ajin firamare yake kwana, Gwaggo Altine ke kai masa tuwo. Ba zan gaya masa ba, jego ya hana ni tahiya ma. Amma ka ji ni da kyau. In ka isa, ka durƙusa ka gaishe shi. In zagi ne, ka sha. Zagin uba bai taɓa fasa kan kowa ba.

Allah shi kiyaye hanya.
Yayarka

Kontagora, 16 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Mun gama, ɗaki biyu da rufin kwano, can kan tudu nesa da tafki.

Na roƙi Gwaggo da mutanen gari su rufa min asiri, suka rufa. Ranar farko aka jawo Baba, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ginin. Yaya, ya rame ya ƙare. Ya ce ba zai zauna kamar baƙo a gidansa ba, a ba shi aiki. Sai ya riƙa shafa bulo yana miƙo min, ni ina ɗorawa. Kwana uku muna haka. Yana ta hira da abokin aikina Andrew, yana tambayar yadda keke zai kai mutum Legas. Sau ɗaya ya ce, “Wannan na kusa da ni kurma ne?” Andrew ya ce, “Baba, mai kunya ne.” Baba ya ce, “To.”

Da za mu tafi ya sa wa kowa albarka. Ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Na buɗe baki, sai na tuna Illo. Na hau keke ban waiwaya ba.

Ki yi min faɗa, na cancanta. Da mun isa Legas zan juyo, wannan karon da sunana.

Naki,
Shamsuddeen

Tungar Maikuɗi, 24 ga Nuwamba

Shamsu,

Salamu alaikum. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na aika wannan ta hannun direban motar kayanku.

Baba ya rasu ran Talata bayan la'asar, a ɗakin da ka gina. Kwana takwas ya yi a ciki. Na iso da sauran numfashinsa.

Ya ce tun bulon farko ya gane ka, da yadda kake ajiyar numfashi in ka ɗauki kaya. Na ce, “Baba, mi ya hana ka kira shi?” Ya ce, “Ni ne uba, shi zai fara. Na jira shi kwana uku.” Can kuma ya ce, “Ki ce masa ginin ya miƙe.”

Ban ji ya ƙara wata magana ba.

Allah shi gafarta mishi, shi ba mu haƙuri.
Lubabatu