Gyambon Baba Bawa da Rahoton “Da Sauƙi”

Zuwa ga Babban Jami'i mai sa ido a kan gidajen gajiyayyu na gwamnati,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ni ne Sahabi Tela, mutumin Dingyaɗi, mai rumfar ɗinki a kasuwar Boɗinga. Na biyo ta jarida ne don takardu biyu na aiko ofishinka. Ta farko ta ɓata. Ta biyu ta samu amsa, amsar da gara a ce ita ma ɓata ta yi.

Maganar a kan Baba Bawa ce, mutumin Mandera, wanda ya koya mini ɗinki. Shekara tara na yi a gindin kekensa. Bai haihu ba, matarsa ta rasu, bara waccan kuma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na ɗauko shi gidana muka yi shekara guda. Da abubuwa suka tsuke, sabulu ma sai an bi layi, masu kawo sabon ɗinki suka koma kawo faci, sai aka ba ni shawarar gidan gajiyayyun da ke tsakaninmu da Shagari, wai akwai malaman jinya da abinci sau uku. Ni na kai shi da hannuna. Wannan laifina ne, kuma kunyarsa ba ta bar ni ba har yau. Saura naku.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Sallah na je gaishe shi, wari ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Na ɗaga zanen da aka rufa masa, na tarar da gyambo a kwankwasonsa na dama, faɗin tafin hannuna, yana ruwa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa juya shi ake yi. Ni da ban yi karatun jinya ba na san wannan, shekara guda a gidana ko ƙujewa bai yi ba. Na tambayi shugaban gidan, ya ce babu bandeji, babu magani, motar kai marasa lafiya asibiti babu mai, gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. To, juya tsoho fetur yake sha? Motar kuwa da idona na gan ta a Kajiji, an ɗaura mata lasifika ana yawon neman ƙuri'a.

Na biyu. Na ce a ba ni shi in kai shi asibiti Sakkwato da kaina. Aka ce a'a, ni ba ɗan'uwansa na jini ba ne, ba ya fita sai da sa hannunka. Ranar da na kawo shi babu wanda ya tambayi jinina.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan takardata ta biyu ka turo mai bincike. Malam Ige, makahon da ke kwana ɗaki ɗaya da Baba, ya ba ni labarin zuwansa. A bakin ƙofa mai binciken ya tsaya, bai ko cire takalmi ba, shugaban gidan na tsaye a gefensa. Ya ce wa Baba ya jiki, Baba ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Shi ke nan aka wuce ɗaki na gaba. Mako uku bayan nan amsarku ta iso da Turanci, na kai wa wani malamin firamare da nake wa ɗinki ya karanta mini. Wai an ziyarci majinyaci, ya faɗa da bakinsa cewa yana samun sauƙi, ba a ga dalilin fitar da shi ba, an rufe magana.

Haba, Yallaɓai. A wane gari aka haifi yaron nan naka? Wa ya taɓa gaida mara lafiya a ƙasar nan ya ji an ce babu sauƙi? Mahaifina da sauƙi ya ce mini da hantsi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Gaisuwa ce. In kana son gaskiyar ciwo, zama za ka yi a bakin tabarma, ka yi shiru, ka sake gaisuwa, sannan ka tambayi inda ke ciwo, a hankali, bayan ka sallami kowa. Dattijo kamar Baba ba zai buɗe kwankwasonsa gaban baƙo ba, kuma ba zai kai ƙarar mai ba shi tuwo a gaban idonsa ba. Ma'aikacinka ya san wannan sarai, don haka yake gaida uwarsa. Ba jahilci ba ne, ƙyama ce da son komawa mota da wuri. Kai kuma ka sa hannu a ƙasan takardar ba ka tambayi ko an ɗaga zane ba. Wallahi na ji haushinka fiye da nasa.

Ran Juma'ar da ta wuce na koma. Gyambon ya zurfafa, gefensa ya yi baƙi, jikin Baba zafi rau. Hannunsa na hagu da yake kama nawa da shi, yanzu ɗagawa ma da ƙyar. Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na naɗe da ƙyallen da na yanko daga rumfata. Iyakar abin da tela zai iya ke nan.

Ga buƙatuna. Ka sa hannu a ba ni Baba Bawa cikin makon nan. Ka janye wancan rahoton, don ƙarya ce da hatimin gwamnati. Ka turo wanda zai duba sauran da ke kwance a gidan, mutum bakwai na ƙirga waɗanda ba su iya tashi, kuma a duba jikinsu, ba bakinsu ba, shugaban gidan yana waje. In ba ka da ma'aikacin da zai iya jure wari, ka zo da kanka, Boɗinga ba nisa.

Na yi magana da wani mai motar a-kori-kura. Ranar kasuwa mai zuwa zan rufe rumfa in tafi ɗaukar Baba, da sa hannunka ko babu. In 'yan sanda za a kira mini, a kira, zan ɗaga musu zanen su gani.

In kuwa ta Allah ta kasance kafin ranar, na san za ka turo wakili ta'aziyya. Zai ce ya haƙuri, zan ce da godiya, don haka aka koya mini. Ka gaya masa kada ya koma ofis ya rubuta cewa na yafe.

Allah shi ba ka lafiya da tsawon rai. Allah shi sa ranar da ƙarfinka ya ƙare ka faɗa hannun masu zama su duba, ba irin waɗanda kake turo mana ba.

Wassalam.

Sahabi Tela,
Kasuwar Boɗinga.