Matajin Kwamfuta

Majidaɗi, Jalingo
Yuni, 1998

Baban Hamna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Yaya sanyin Gembu, yaya allurar shanun mutane? Hamna ta fitar da haƙora, kuma a jikina take gwada kaifinsu.

Maganar Baffa ce ta sa na ɗauki biro. Ka san yadda mahaifinka ya riƙe rumfar Solomon ɗan gwangwan tun da shanunsa suka ƙare, yana ware masa jan ƙarfe daban, sanholo daban. Har gobe Maishanu ake kiransa a kasuwa, shi kuma yana amsawa. To, kwanaki Solomon ya sayo gwanjon akwatunan kwamfuta da tsawa ta ƙona a wani ofis. A cikin kowace akwai guntayen sanholo masu haƙora, 'yan rumfa suka sa musu suna mataji. Wai aikinsu shanye zafi don kada na'urar ta ƙone. Ga shi kuwa ta ƙone.

Sanholon mai kyau ne, Maliki mai zubin tukwane har rububinsa yake yi. Sai dai kowane mataji yana da ƙananan notuna na baƙin ƙarfe a maƙale tsakanin haƙoransa, kuma dole a cire su tas, don ba sa narkewa. Baffa ya ware buhu guda, Maliki ya zuba tukwane, rabinsu suka fito suna yoyo. Jiya Solomon ya same ni a ƙofar gida yana ta sosa ƙeya. Ya ce Maliki ya rantse in aka sake, ya daina saye a wurinsa, shi kuma ba shi da bakin da zai sallami dattijon da ya girmi ubansa.

Baban Hamna, idon Baffa ne. Na ga yana laluben buta alhali tana gabansa. Ranar Juma'a ya gaida Binta maƙwabciyarmu da sunan Fanta. Shi ba zai faɗa ba, ka san filako, kunyar nan ta Fulani, ni kuma suruka ce, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in dube shi in ce ba ya gani. Tausayinsa ya hana ni sukuni. In aka raba shi da rumfar nan, ban san abin da zai tashe shi da safe ba.

Ka gaida abokan aiki.

Taka,
Aisatu

Majidaɗi, Jalingo
Yuli, 1998

Baban Hamna,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu da ɗawainiya. Wasiƙarka ta iso tare da ganyen shayin, mun gode. Ka ce a kai shi asibiti kawai, kamar ba a gidan nan aka haife ka ba. Na aika Binta ta ɗan shigo da zancen, ya ce mata lafiyarsa ƙalau, ita dai ta kula da nata idon.

Ga dabarar da muka yi. Solomon ya gaya wa Baffa cewa rufin rumfa yana zuba, don haka zai riƙa kawo masa kayan gida har damina ta wuce. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, rumfar tana zuba tun bara. Yanzu a zaure yake aiki, da sukundireba da 'yar gudumarsa. Da zarar ya tafi sallar azahar, sai in goya Hamna in shiga in bi bayan aikin. Na fasa tsohuwar rediyonka na cire mayen ƙarfen da ke bayan lasifikarta. Kada ka ɓata rai, dama ba abin da take kamawa sai ƙara. In na goga shi a jikin mataji, inda noti ya ɓuya sai in ji ya cafke, in cire in mayar da kayan wurinsu kafin a idar da salla.

Maliki ya karɓi buhu biyu bai yi ƙorafi ba. Yatsuna duk sun tsattsage, haƙoran nan kaifi gare su, amma ba wannan ne ke damuna ba. Da yamma nakan ji Baffa yana gaya wa mutane cewa hannunsa ya dawo daidai, sai in ji kamar na yi masa sata. Ina tsoron ranar da zai gane, kada kunya ta sa ya ajiye aikin da kansa.

Hamna tana gaishe ka da irin nata yaren.

Taka,
Aisatu

Majidaɗi, Jalingo
Agusta, 1998

Baban Hamna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan murar da ka ce tana damunka ta sake ka. Ka nemi hutu ka taho gida, ga dalili.

Ashe Baffa ya daɗe da ganewa. Shi in ya gama mataji yakan jera su haƙora suna kallon dama, ni kuwa bahaguwa, ban taɓa lura cewa hagu nake juya su ba. Mutumin da ya san shanunsa da shafa a duhun ruga, ina zai kasa sanin an taɓa masa kaya?

Ranar Talata na shiga zaure bayan kiran salla, sai na tarar da shi zaune bai fita ba. Na daskare a bakin ƙofa, mayen ƙarfe a hannuna. Bai ɗago kai ba. Hamna ya kira, ita da ko tafiya ba ta fara ba, ya shiga yi mata magana tana bayana tana tsotsar yatsa. Ya ce ta gaya wa uwarta cewa mai bin bayan aikinsa ba ta barin noti ko ɗaya, Allah ya yi mata albarka. Ya ce ta gaya mata kuma cewa wata farar yana ce ta rufe masa ido tun kaka, ya rasa wanda zai faɗa wa. Sannan ya tambayi Hamna ko uwarta za ta ara masa abin nan da yake jin ƙararsa yana cafke ƙarfe, don ya riƙa laluben notunan da kansa kafin ubanta ya zo ya kai shi wurin likita.

Hawaye kawai nake yi. Na durƙusa zan ajiye masa a kan tabarma kamar yadda na saba ajiye komai, sai na tuna ba zai gan shi ba. Shi ma ya sani, don ya riga ya miƙo tafin hannunsa. Tun da aka kawo ni gidan nan, ranar ce ta farko da na sa wa Baffa abu a hannu.

Na ɗaura wa mayen ƙarfen zare, yanzu a wuya Baffa yake rataya shi. Buhun wannan makon shi kaɗai ya ware, ban taɓa ba, kuma Maliki ya aiko wa Hamna da 'yar tukunya daga zubin. Na cika ta da ruwa tun safe, har yanzu ƙasanta a bushe yake. Solomon ya ce kujerar Baffa tana nan a rumfa, ba mai zama a kanta.

Ka taho da wuri tun bai canza ra'ayi ba, ka san halin gidanku.

Matarka mai jiran isowarka,
Aisatu