Fedar Hagu ta Motar Baba

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Wata biyu da dawowata Konni da dipilom na kanikanci, sai yau Baba ya bar ni na taɓa Hayis ɗinsa. Ya ce fedar kuloci tana maƙalewa ƙasa, in ya taka ba ta tasowa da wuri. Kuma a hawa inji yana ihu, mota ba ta ja. Na ja birkin hannu, na sa giya ta uku, na saki kuloci a hankali. Ya kamata inji ya mutu. Bai mutu ba. Faifan kuloci yana zamewa ke nan.

Fedar kuwa na taka ta sau ashirin, ta taso sau ashirin. Ban gane ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mun sauke giya a garejin Amadu, wanda yake gyara wa Baba mota tun ina firamare. Faifan ya cinye har ƙusoshi, ya yi baƙi, yana wari. Amadu ya ce a watan Yuli ya sa shi. Wata uku. Na ce faifai ba ya ƙarewa a wata uku. Ya ce, "Imrana, a littafi ba ya ƙarewa."

Na sa sabo da hannuna. Na sake man kuloci, na fitar da iska, na duba famfon sama da na ƙasa, babu yoyo. Sifirin feda lafiya. Lilon feda milimita goma daidai. Na auna sau uku.

Asabar, 12 ga Oktoba

Baba ya ce har yanzu fedar tana maƙalewa. A gabana ba ta taɓa yi ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Motar ta tsaya da fasinja goma sha takwas kafin Tajaye. Janyo ta aka yi. Faifan da na sa ya ƙone, kwana ashirin.

A tasha sunana ya koma Injiniya. Kamalu ɗan kamasho ya ce, "Injiniya, na Amadu ya yi wata uku, naka sati uku. In ka ƙaro karatu sai ya koma kwana uku." Har mai shayi ya yi dariya. Baba yana zaune a benci, ya ci gaba da shan shayinsa. Wannan ya fi ƙona mini rai. Shekara uku a Yamai ina cin garin rogo, don Kamalu da bai san inda faifan yake ba ya samu abin nishaɗi.

Na sake bin aikina mataki-mataki. Ban ga kuskure ba. Amadu ne ya sa wani faifan, ni aka ce in riƙe fitila.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na nace sai na bi Baba kasuwar Badagishiri. Bai so ba. Na zauna gaba, kunnena na kan inji. Bayan Tsarnawa ne idona ya sauka ƙasa.

Ƙafarsa ta hagu ba ta barin feda. In ya sauya giya, ƙafar tana tasowa rabi ta tsaya, tana kwance a kai da nauyinta, kilomita bayan kilomita. Haka faifai yake gogawa har ya ƙone. Da muka zo shingen jandarma ya taka har ƙasa, sai na ga ya saki sitiyari da hannun hagu, ya kama wandonsa a gwiwa, ya ɗaga. Da sauri, kamar mai gyara zama. Na ƙirga har Badagishiri: sau goma sha ɗaya.

Fedar ba ta maƙalewa. Aikina daidai ne. Na jira in ji daɗi, ban ji ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na faɗa wa Inna. Ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba. Ta ce tun damina take shafa masa man zafi, ƙafar tana mutuwa. Ta sani ke nan, duk ranar da nake dawowa daga tasha ban iya cin abinci ba. Na ce zan faɗa wa Amadu gaskiya. Ta ce, "Ka faɗa. Gobe ba mai shiga motar ubanka Labbo. Shekara talatin da ɗaya shina bisa hanyar ga, sai ɗansa ya sauke shi."

Na ce mutum goma sha takwas fa, Inna. Ta ci gaba da tankaɗe.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na ce da shi, "Baba, ban gano ciwon motar ba. Sai na tuƙa ta da kaina kwana da yawa, kana gefe kana faɗa mini." Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wane irin makaniki ne kai?" Ya ajiye makulli a kan tabarma, bai miƙo mini ba.

Da na yi masa maganar zuwa asibiti kuma, ya ce sai bayan kaka. Zan sake tayar da maganar.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kwana goma sha ɗaya ina tuƙi. Babu wari, babu zamewa.

Yau a tasha Amadu ya ce, "To, Injiniya, mi ka gano?" Mutane sun taru, Baba yana tsaye ya jingina da ƙofa, nauyinsa duk a ƙafar dama. Na ce ni ne ban daidaita faifan da kyau ba wancan karon. Kamalu ya tafa hannu. Baba ya ce, "Shi ya sa nike zama gefensa, sai ya koya."

Ƙarya ce, kuma na faɗe ta kai tsaye. A hanya barci ya ɗauke shi tun kafin Tsarnawa, kansa a jikin gilashi. Na rage gudu a wajen ramuka. Don tayoyi ne.