Dutsen da Ka Ce Za Ku Hau

Zuwa ga ƙanena Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya karatu, yaya baƙunta a ƙasar Turawa? Mu nan Daura duk lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka ce bana sanyi bai yi tsanani ba, don haka kai da abokinka za ku shiga bayan duwatsu inda babu gidaje. Maganar ba ta kwanta mini ba, sai na nuna hoton da ka aiko wa wani Bature mai haƙa rijiyoyin burtsatse a Zango. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Hausarsa, "Shekara mai ɗumi ita ce mugu." Wai dusar ƙanƙara takan narke da rana ta daskare da dare, sabuwa ta zubo a kai ba ta kama ta ƙasan ba. Mutum na takawa sai gefen dutsen ya zaftare gaba ɗaya. Haka ta binne ƙanensa, ba a gan shi ba sai bazara.

Sani, ka san wannan ka ɓoye mana, ko kuwa abokin naka ne ya ɓoye maka? Shi ɗan ƙasa ne, ba zai rasa sani ba. Kada ka bi shi.

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ka. Ban gaya mata ba tukuna, amma idan amsarka ta zo da kwana-kwana, zan gaya mata.

Yayanka,
Lawal