Askar Gidan Mutane a Fuskar Mai Kisa

Zuwa ga Malama Humaira,

Assalamu alaikum. Yau Juma'a, kwana na huɗu ke nan ban iya zuwa masallaci ba saboda kumburin ƙafa, ga numfashina yana sama-sama. Don Allah ki taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana. Shekarata tamanin da ɗaya, tsohon malamin firamare ne ni a nan Illela. Maiɗakina ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah bai bar mana ɗa ba. Sunayen da za ki gani duk na sauya su.

Tun muna kwalejin horon malamai a Sakkwato nake son littattafan Turanci na binciken kisan kai. A lokacin duk wanda na karanta, labarin yana faruwa ne a zamanin marubucin, da 'yan sanda da motoci. Sai da na manyanta na fara cin karo da wani iri, inda ake mayar da kisan can baya, shekara ɗari biyar ko dubu, mai binciken kuma alƙali ne ko malamin addini, ba shi da komai sai ido da hankali. Irin nan ya fi kama ni. Na daɗe ina cewa mi zai hana a yi namu? Bayan rasuwar maiɗakina gidan ya yi mini faɗi, sai na sayi littattafan rubutu na fara.

Na ajiye labarin a zamanin En'e. An tsinci gawar wani bafatake mai fataucin kanwa a bakin tafkin Kalmalo, ya fito daga wajen Ƙonni. Mai binciken nawa wanzami ne, Altine, don na ga wanzami yana shiga kowane gida, kuma shi ke yi wa jarirai askar gado, watau tsagen fuska da ake gane dangin mutum da shi. A babi na bakwai wata mai tallar nono ta shaida masa cewa ta hangi wani mutum yana wanke hannu a tafkin da hantsi, ba ta san shi ba, amma ta siffanta askarsa: tsage uku a gefen baki, da wani ƙari a kuncin hagu wanda ba zan sake siffantawa ba. A littattafan Turawa tabo a fuska na mutum ɗaya ne. Ni da na tsufa a ƙasar nan, sai na manta cewa a wurinmu aska ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gida ce gaba ɗaya.

Lubabatu, ɗiyar ƙanwata, wadda ke koyarwa a Sakkwato, ita ta karɓi littattafan ta buga a waya, tana sakin babi ɗaya duk mako a wani zauren karatu na cikin waya. Har na ji daɗi da ta ce mutane suna tambayar ci gaba. Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, tsohon abokina Dabo ya biyo ya zauna, bai ko taɓa shayin da na sa aka kawo masa ba. Ya ce askar nan da na rubuta, da ƙarinta, gida ɗaya ne ke da ita a duk ƙasar nan, suna wani ƙauye gabas da mu. Ya ce an karanta wa dattawansu babin a waya, kuma samari sun fara tsokanar 'ya'yansu suna ce musu jikokin wanda ya kashe mai kanwa, har an fasa wa wani baki. Babbansu a gidan yanzu, Alhaji Abdulmalik, ya aiko shi ya ce mini zai zo yau bayan la'asar.

Wallahi Malama na ɗauka ni na ƙirƙiro askar nan. Amma tun ranar Lahadin wani abu yake dawo mini. Ina da shekara shida ko bakwai na bi mahaifina Kalmalo sayen kifi, aka ce an sami gawa cikin ciyawa, ya rufe mini ido da hannun rigarsa. Kuma ina ganin kamar kafin nan na ga wani mutum tsugune a bakin ruwa ya ɗago ya dube ni. Shin fuskarsa ce na rubuta? Ko kuwa yanzu ne tsoro yake ɗora masa askar? Na rasa ganewa. Mahaifina bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, kuma ban san ko kashe mutumin aka yi ko ruwa ya ci shi ba.

Ina tsoron Alhaji Abdulmalik, ba zan ɓoye miki ba. Ko turi ɗaya aka yi mini na gama. Ina tsoron a kai ni gaban alƙali da wannan ƙafa. Amma wanda ya fi hana ni cin abinci shi ne in tashi ranar gobe da haƙƙin mamacin da ban sani ba, na ɗora masa jini, ga shi ba ya nan balle in roƙe shi gafara. Na tara littattafan goma sha ɗaya a cikin kwano, ashana tana kusa. Shekara biyar ina rubutunsu, su ne abokan hirata. Saura babi uku in gama. In ƙone su? In na ƙone, ai wanda ke cikin wayoyin mutane ba zai ƙone ba.

Tun azahar na sa aka share zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ajiye ruwa da goro. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai in leƙa. Ga shi rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, bai zo ba, bai kuma aiko ba.

Tsohon malami, Illela.

*

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ba ka lafiya. Da farko ka mayar da ashanar nan madafa. Kai da kanka ka faɗa, ƙonawa ba za ta goge abin da ya riga ya fita ba, sai dai ta bar labarin tsaye a babi na bakwai, daidai inda ake zargin gidan mutane.

Suna da gaskiyar jin ciwo. Askar gado suna ce, kuma 'ya'yansu ake tsokana a kan abin da ba su ji ba ba su gani ba. Kai ma kana da taka: ba ka yi da nufi ba, ba ka kira sunan kowa ba. Abin da kake tunawa kuma ba shaida ba ne. Yaro ɗan shekara shida ya ga mutum a bakin tafki, inda masunta da makiyaya ke tsugunawa kullum. Kada ka kai wa Alhaji Abdulmalik wannan zance, kada kuma ka yanke wa mamaci hukunci da shi a zuciyarka. Ka sa shi da wanda aka tsinci gawarsa duka cikin addu'a.

Yau ɗin nan ka kira Lubabatu ta janye babin, ta rubuta a zauren cewa labarin ƙirƙira ne kuma askar kuskure ce. Kada ka sake zaman jiran babur. Rashin zuwansa na iya zama fushi, na iya zama nauyin tsufanka ne ya hana shi. Ka roƙi Malam Dabo da limaminku su je su same shi da saƙonka na ban haƙuri, su ce ƙafa ce ta hana ka zuwa da kanka. Gidan da aka je wa da liman ba kasafai yake zuwa da sanda ba. Ranar Litinin kuma Dabo ya raka ka asibiti, kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi ba abin jira ba ne.

Masu rubuta irin wannan labari sukan ari zamani na gaskiya, da kasuwarsa da tufafinsa, amma mutanen su ƙirƙiro su. Don haka ka tambayi tsohon wanzami ya tabbatar maka da askar da ba ta kowa ba kafin ka sauya. Sai dai waɗanda suka riga suka karanta ba za su manta ta farkon ba, kuma a nan babi ukun da suka rage za su yi maka aiki. Ka fi ni sanin cewa a irin littattafan nan wanda aka fara zargi ba shi ne mai laifi ba. Bari garin ya yi kuskuren da ka yi, ya kama gida guda saboda fuska, Altine kuma ya zama shi ne ya wanke su, tunda wanzami ya fi kowa sanin cewa aska ɗaya fuska hamsin ke ɗauke da ita. In ka rubuta, Alhaji Abdulmalik ya fara ji kafin kowa. In ya ce a bari, ka bari, ka ajiye littafinka a gida.

Ka bar tabarmar a shimfiɗe, Baba. Allah ya sa a kanta za ka karanta masa babi na goma. Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan maiɗakinka.

Humaira